Ruwan Sabulu da Sadakar Malam Isiyaku

Na ji abin da kuke faɗa wa abokanku, ke Uwani da kai Sani, wai ciwon baya ne ya sauke ni daga sitiyari. Uwarku ce ta koya muku haka don ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata da alheri. Amma bayana lafiyarsa ƙalau a wancan lokaci. Korata aka yi, kuma an yi daidai. Akwai wata magana kuma da nake ji a tasha, a bakin direbobin yanzu da ba su san komai ba, wai ni na ƙirƙiro wurin ɗan makaranta a motocin Batsari. Wannan ma ƙarya ce, kuma ta fi ta farkon yi mini nauyi, domin mai abin ya rasu, ba ya nan balle ya ce nasa ne. Ko yana nan ma ba zai ce ba. To ni zan ce. Karatuna na ajin manya ne, da gemuna na koyi baƙaƙen boko, saboda haka in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri. Maganar ba ta karkace ba.

A shekarun da nake magana Turawa ba su tafi ba tukuna. Motocin da ke zuwa Katsina daga Batsari ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, dukkansu masu bodin katako, kuma ni nake jan ta Alhaji Garba. Mu ɗebi gero da gyaɗa da kiraga da awaki, mutane su hau bisa kaya, mu dawo da gishiri da kananzir da atamfa. Tashar ma ba tasha ba ce, fili ne kawai a bakin kasuwa, da wani durumi babba a tsakiya. A gindin durumin nan Malam Isiyaku yake zama. Dattijo ne siriri, mai farin gemu, ƙafafunsa duk faso, domin a ƙuruciyarsa ya yi fatauci zuwa Kurmi, can kudu, da ƙafa kafin ya zauna ya kama karatu. Al'adarmu ita ce babu direban da zai tayar da mota sai ya je ya durƙusa gabansa ya ajiye taro ko sisi, sadakar hanya. Shi kuma ya taso ya dafa kan mota ya yi addu'a ya tofa, sannan a tashi. Da wannan sadakar yake ci da gidansa, ba shi da gona sai wani ɗan fegi bayan gari da ba ya kai shi ko rabin shekara. Mu kuwa mun sa a ranmu cewa sadakar ce ke riƙe da tayoyinmu. Ina iya mantawa da duba mai, amma ban taɓa mantawa da taron Malam ba.

A lokacin an fara ɗibar yaran ƙauye da suka gama elementare ana kai su babbar makaranta a birni. Can ana ba su wurin kwana da abinci, amma hanya kowa da ubansa. Wanda ubansa ke da hali ya hau mota. Wanda ba shi da shi ya ɗora akwati a ka ya kama hanya, kwana biyu, wani lokaci uku in da ruwa. Na sha wuce su a hanya, in busa musu hon su koma gefe. Ban taɓa jin komai a raina ba, gaskiya ke nan. Ni ina ganin ’ya’yan da Bature ya ɗauka, Bature ya san yadda zai yi da su.

Wata safiya ta kasuwa, a farkon shekarar da nake ba ku labari, ina tsaye ana yi mini lodin gero sai ga wata mata daga Darini da yaro da akwatin ƙarfe. Mijinta ya rasu, yaron sunansa Haruna. Ta kwance wata kaza daga zanenta ta miƙo mini. Ta ce wancan karon da ƙafa ya tafi, ƙaya ta soke shi, ƙafar ta kumbura, ya isa a makare, aka ce masa in ya sake makara za a soke sunansa.

Na ce, “Ke baiwar Allah, motar nan mai take sha, ba ta cin kaza.”

Ta ce, “Tana ƙwai, direba. Wallahi tana ƙwai.”

Na ce, “To ki jira ta ƙyanƙyashe mota.”

Masu lodi suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Da aka gama na nufi gindin durumi da tarona, na durƙusa na miƙa. Sai Malam ya ɗunƙule hannunsa ya mai da shi cikin riga. Na ɗauka bai gani ba ne, na ƙara miƙawa.

Ya ce, “Sale, sadakar nan tawa ce ko ba tawa ba?”

Na ce, “Taka ce mana, Allah shi gafarta Malam.”

“In tawa ce, zan iya yin abin da na ga dama da ita?”

“Ƙwarai kuwa.”

“To mai da ita aljihu. Ka ɗauki yaron can ka aza bayan kan mota. Na karɓa ke nan.”

Na ce masa taro bai kai kuɗin mota ba, ko kusa. Ya ce to in haɗa da na jibi, da na mako mai zuwa, da na bayansa, duk ya yafe. Na ce, “Malam, boko fa za shi. Kai da bakinka ka ce ba ka san abin da ake ɗura musu ba a can.” Ya dube ni, ya dubi ƙafafun yaron, sa’an nan ya miƙo tasa ƙafar daga kan buzun da yake zaune, ya nuna mini fason.

Ya ce, “Har gobe ban san abin da suke karantawa ba. Amma na san ƙafa.”

Ya taso ya dafa mota ya yi addu'arsa kamar kullum, ya tofa. Na ɗauki yaron ina ƙunƙuni. Matar ta biyo Malam da kaza, ya ce ta mai da ita gida ta ci gaba da ƙwai.

Na zaci abin na yini ɗaya ne. Ashe Malam ya yanke shawara. Tun daga ranar ya daina karɓar sadakar kowane direba. Ya ce addu'a yana nan yana yi wa kowa, amma sadakarsa ita ce a bar wuri ɗaya a kowace mota, buhun da ke jingine da kan mota, inda ba a cika jin girgiza ba. In lokacin komawa makaranta ne ko na hutu, ɗan makarantar da ba shi da hali ya zauna. In ba lokacin ba ne, a ɗauki marar lafiya ko tsohuwa. Direbobi suka yi gunaguni, masu motoci suka yi gunaguni, amma wa zai yi jayayya da mutumin da ya zubar da abincinsa a gabanka? Alhaji Garba ya ce shi ba ya asarar komai da buhu ɗaya, a yi yadda Malam ya ce. Kafin hutun farko labari ya kai Zakka, ya kai Tsaskiya, har rugagen Fulani. Za ka ga yara sun zo da akwatunansu sun zauna gindin durumi, Malam yana rarraba su da sandarsa, wannan motar Sale, wancan motar Audu. Ya san sunan kowa da na ubansa, kuma ba a yi masa wayo. Ɗan wani mahauci mai hali ya taɓa zuwa ya raɓe cikinsu, Malam ya ce masa, “Kai tashi, jiya na ga ubanka ya kayar da sa biyu.” Shi kuwa Malam ya koma tufkar igiya yana sayarwa masu jakuna. Na ga rigarsa ta fara yagewa a kafaɗa, na ga ya rame. Ko sau ɗaya ban ji ya yi zancen ba.

Yanzu ga nawa laifin. Da damina ta yi tsakiya sai birkin motata ya fara yoyo. Man birki yana ɗiga kaɗan-kaɗan, in ka taka sai ka ji ƙafarka ta nutse. Gyaransa sai an kwana uku a gareji a Katsina, kuma in mota ta kwana uku, wani ya shige layinka, ’yan kasuwar da suka saba da kai su koma wurinsa. Wani tsohon direba ya taɓa gaya mini cewa in ka dama sabulu da ruwa ya yi kauri ka zuba, birki yana kamawa. Na gwada, ya kama. Na ce to bari in lallaɓa zuwa kaka. Kullum da safe kafin masu lodi su zo in yanki sabulun uwarku, in dama a gwangwani, in ɗura. Na yi haka kusan wata guda. Ban gaya wa Alhaji ba, ban gaya wa kowa ba.

Ranar da aka ba yara hutun damina na taso daga Katsina da gishirin Alhaji da mutane bisa, Haruna yana zaune a wurin ɗan makaranta. Akwai wani gangare kafin wani rafi, wanda duk direba ya san sai ya sauka da birki. Na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. Na sake takawa, babu. Na yi ƙoƙarin mayar da ita ƙaramar giya, ta ƙi shiga. Sai na karkata ta zuwa yashin gefen rafi, ta daki gaɓa, ta kwanta a gefenta cikin ruwa. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu. Wani ɗan koli ya karye a hannu, mata biyu suka ƙuje, gishirin Alhaji ya narke ya bi rafi muna kallo. Haruna kuwa buhu ya danne masa ƙafa, ya samu karaya a ƙwauri. Da aka jawo motar aka kai gareji, bututun birkin ya fashe, ruwan rafi ya shiga ko’ina. Makanike ya ce haɗarin ne ya fasa shi. Rafi ya wanke mini shaida tas.

Ban buɗe baki na yi ƙarya ba, wannan kam ban yi ba. Mutane ne suka yi mini ita, ni kuma na yi shiru. Tun kafin in iso Batsari magana ta riga ni. An ce shekara nawa ana bin hanyar nan mota ba ta taɓa kifewa ba sai da aka daina ba da sadaka. An ce addu'ar da ba a ɗora ta a kan sadaka ba ba ta kamawa. An ce kuma wa ke cikin motar? Ɗan boko, wanda aka ɗauka a madadin sadakar. Audu Tsaskiya, direban da ya fi kowa baki a tashar, shi ya fi kowa zafi. Ya tara direbobi ya ce daga yau babu ɗan makarantar da zai sake hawa motar ɗayansu kyauta. Suka je gaba ɗaya gindin durumi, kowa da sisinsa, ni ma ina bayansu.

Audu ya ce, “Allah shi gafarta Malam, mun zo a koma yadda ake. Ka karɓi abinka, mu samu lafiyarmu.”

Da Malam ya miƙa hannu a ranar, da ya koma cin abincinsa, har ma fiye da da, domin tsoro ya sa kowa ya ninka. Sai ya ci gaba da tufkarsa.

Ya ce, “Audu, ni roƙo nake yi, ba sayarwa nake ba. In na karɓi wannan yau, na yarda ke nan cewa yaron nan ne ya kifar da mota. Ba shi ba ne.”

“To wa ya kifar?”

“Allah ya sani.”

Da ya faɗi haka bai dube ni ba. Audu ya ce to akwai malamai a gari ba shi kaɗai ba. Suka koma wurin wani da ke zama ƙofar kasuwa, wanda ya karɓa da hannu biyu, ya kuma tabbatar musu da abin da suke son ji. Gindin durumi ya zama kango. Mutanen da ke durƙusa wa Malam suka koma yi masa sallama daga nesa. Har aka fara cewa Turawa ne ke biyansa a ɓoye don ya tura musu yara. Mutumin da rigarsa ke yage a kafaɗa.

A gida kuwa uwarku ta sani. Ita ce mai sabulun. Tana da cikin ƙaninku a lokacin, ya tsufa. Wata rana da hantsi tana wanki a tsakar gida, ni ina zaune ina shan fura, kakarku Inna tana tsince wake, sai ta ɗaga sabulu ta dube shi.

Ta ce, “Ikon Allah. Tun da mota ta faɗi, ɓeran da ke cin sabuluna ya tuba.”

Na ce, “Hajo, ki kama bakinki.”

Ta ce, “Na kama, maigida. Wata guda ina kame da shi. Jiya na ga uwar yaron nan a kasuwa, mata suna janye ’ya’yansu daga kusa da ita.”

Inna ta ajiye faifai. Ashe ita ma ta gane tuntuni. Ta ce, “Ke yarinya, mi kike so ya yi? Ya je ya ce wa Alhaji ni na narkar maka da gishiri? Ki dubi cikinki. Su biyu ga su nan suna yawo ba wando, na uku na tafe. Wanda ya karye ya ɗoru, wanda ya ƙuje ya warke. A bar maganar ta mutu.”

Hajo ta ce, “Inna, ni ban ce ya yi komai ba. Ɓera na ce.”

Ta ci gaba da wankinta. Amma tun daga ranar, duk safiya in zan fita sai in tarar ta ajiye mini ɗan guntun sabulu a kan takalmina. In ture shi in wuce, gobe in sake tarar da shi.

Hutu ya kusa ƙarewa, saura kwana biyar a koma. An gyara mota, Alhaji ya mayar mini da makulli, har yana yi mini jaje. Ƙafar Haruna ta ɗoru, amma da sanda yake takawa, ko Darini zuwa Batsari ba zai iya ba balle Katsina. Kuɗin mota babu, kuma ko da akwai, Audu ya ce yaron farar ƙafa gare shi, ba mai ɗaukarsa ko da kuɗi. Ni ma tsoron bakin tasha ya hana ni cewa zan ɗauke shi. In bai isa ranar buɗewa ba, sunansa ya tafi. Da la'asar na kasa zama, na je gindin durumi. Na gai da Malam, ya amsa da sakin fuska, ya tambayi Inna, ya tambayi mai ciki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta kame-kame. Shi ya taimake ni.

Ya ce, “Sale, ranar da za ka tafi wancan zuwan, na ga kumfa a ƙasa inda motarka ta kwana. Na ce a raina, direba ya yi wanki. Da na tambaye ka, da wataƙila ƙafar yaron nan ba ta karye ba. Wannan nawa ne, ina neman gafara a kansa.”

Na ce, “Malam, ka sani ashe? Mi ya hana ka faɗa ranar da su Audu suka zo?”

Ya ce, “Tuwon gidanka ne a ciki. Nawa na zubar don nawa ne. Naka ba ni da iko da shi.”

Na ce to yaron fa? Ya ce kada in damu, ya yi magana da wani mai jaki da yake sayen igiya a wurinsa, zai ba shi aro. Jibi zai ɗora Haruna ya ja shi zuwa Katsina, su kwana biyu a hanya, su isa da sauran yini guda. Na dubi mutumin nan, ya haura saba'in, in ya miƙe sai ya dafa durumi. Na ce ba zai iya ba.

Ya yi dariya ya ce, “Na je Kurmi da ƙafar nan sau tara. Katsina ce za ta gagare ni?”

Bai ce in yi komai ba. Da ya zage ni, ko ya yi mini wa'azi, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi. Bai ba ni ba.

Jibin ta kama ranar kasuwa. Tasha ta cika, motoci huɗu suna lodi, Alhaji Garba yana zaune kan benci yana kallon ana ɗora masa gero. Sai ga Malam ya ɓullo ta bakin kasuwa, ya ɗaure ƙugunsa da rawani, gora a rataye, yana jan jaki. Haruna yana bisa, ƙafar a miƙe, akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Bayansu wasu yara uku ’yan Zakka da akwatuna a ka, su ma an hana su mota, za su bi shi. Hanyar Katsina ta tsakiyar tasha ta ratsa, dole ya wuce ta gabanmu.

Audu ya leƙo daga motarsa ya ce, “A’a, sabuwar mota ta shigo layi! Allah shi gafarta Malam, wa ya yi maka addu'ar hanya?”

Wasu suka yi dariya, ba da yawa ba. Malam ya ɗaga masa hannu ya ce, “Sai mun dawo, Audu. A sauka lafiya.”

Ina tsaye jikin motata, hannuna a aljihu. Sai na ji wani abu mai santsi. Guntun sabulun Hajo ne, ranar ba a takalmi ta sa ba, a aljihun riga ta sa. Ban san lokacin da na isa gaban Alhaji ba. Na durƙusa, na ajiye sabulun a kan bencinsa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, domin na san in na yi a hankali zan fasa.

Na ce, “Ranka shi daɗe, ga abin da ya kifar da motarka. Birkina ya yi wata guda yana yoyo, na ƙi kai ta gyara don kada a shige mini layi. Ruwan sabulu nake zubawa. Ba sadaka ba ce, ba yaron can ba ne. Ni ne.”

Alhaji ya dubi sabulun. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba.

Ya ce, “Da mutane bisa, Sale?”

Na ce, “Da mutane bisa.”

Ya ce, “Gishiri na yafe. Wannan ba zan iya ba. Kawo makulli.”

Na ciro na ba shi. Can sai Audu ya diro daga motarsa, ya zo ya ɗauki sabulun ya shinshina, ya girgiza kai.

Ya ce, “Amma kai Sale an yi sakarai. Da ka tambaye ni ai da na ce ka sa man gyaɗa, ya fi riƙewa.”

Alhaji ya juyo ya dube shi. Audu ya ce, “A’a, ranka shi daɗe, ji na yi ana faɗa.”

Tasha ta fashe da dariya, har ɗan kolin da ya karye. Audu bai tsaya ba, ya bi Malam da gudu ya riƙe igiyar jakin. Mutum ne mai baki amma ba mugu ba. Ya ciro hularsa, ya durƙusa a cikin taɓo, ya ce Malam ya yafe masa. Sa’an nan ya sungumi Haruna kamar buhu ya kai shi bayan kan motarsa, ya ce wa wani mai kiraga ya matsa, nan wurin ɗan makaranta ne. Sauran direbobin suka raba ’yan Zakka. Da za a tashi Audu ya zo da sisinsa, hannu ya saba, Malam ya nuna masa yaron da sanda. Ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya ya dafa ya yi addu'a, har da ta Alhaji, wadda wani ya hau ya zauna a kujerata. Amma kafin ya tofa wa kowace sai da ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta.

Motoci suka tafi, tasha ta yi fayau. Ya rage ni da Malam da jaki. Ina jira ya ce mini na kyauta, ko Allah zai musanya mini. Sai ya miƙo mini igiyar.

Ya ce, “Direba, mai da wannan wurin mai shi, yana bayan mahauta. Ka ja a hankali. Birkinsa lafiya lau.”

Haka na ratsa kasuwar Batsari ranar kasuwa, ni Sale da ake jin hon ɗina tun daga bayan gari, ina jan jaki. Da na isa gida Inna ta yi kuka ta ce na kashe su. Hajo kuwa ta zuba mini tuwo ta sa mini man shanun da take ɓoyo don ranar suna.

Ban sake riƙe sitiyari ba. Labarin sabulu ya kai har Katsina, ba mai motar da zai ba ni makulli, kuma ban ga laifinsu ba. Na yi dako, na yi facin taya, daga baya na zama ɗan kamasho a tashar nan, aikin da kuka taso kuka gan ni a ciki. Mun sha wuya, ku biyun manya kun isa tunawa da shekarar da muka ci tuwon dusa. Ba zan ce muku ban taɓa yin da-na-sani ba, na yi, musamman in na ji ƙarar mota tana hawa tudu da giyar da ba daidai ba. Malam ya ƙara shekara shida a gindin durumi yana tufka yana rarraba yara, bai sake karɓar ko anini ba har ya koma ga Allah. Da ƙafarsa ta gaza ni nake riƙe masa sanda ina nuna motoci, shi ya sa na baya suke zaton ni ne mai abin. Ni ɗan aike ne kawai.

Kai kuma auta, da aka haifa kwana goma sha biyu bayan na ja jaki, yanzu ka san dalilin da ya sa sunanka Isiyaku, kuma ba wanda ke iya kiransa a gidan nan sai dai a ce Malam. Jibi za ka hau mota zuwa makarantar birni, kuma ba ni da kuɗin motarka, a kan buhun nan za ka zauna. Na san direban, zai ce maka ba a karɓar kuɗin ɗan Sale. Ka gaishe shi da ladabi, sa’an nan ka ce masa ba don Sale ba ne. Ka ce an riga an biya, wani dattijo mai faso a ƙafa ya biya tun ba a haife ka ba. Kuma kafin ka hau, ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin motar.